Lawwali Baduku da Littafin Limamin Ingila

A ɗakin karatu na makarantar da aka tura ni a Ingila akwai littattafan wasu limaman coci na dā, masu yawo ƙauye ƙauye suna auna tsofaffin duwatsu da kaburburan mutanen farko, su dawo gida su rubuta wa'azi. Ban taɓa zaton irin littafin nan ya ratsa ƙasarmu ba. Ko da na dawo aka ba ni labarin Lawwali, sai da na yi shakka.

Lawwali baduku ne, haifaffen Wurno. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma duk malamin da ya gama rubuta Alƙur'ani a unguwarsu, wurinsa yake kai shi a yi masa bango da gafaka, jakar fatar da ake rataya littafi. Ba ya taɓa aiki sai da alwala, kuma da wannan aka san shi.

Wata damina wani Bature mai auna fadamar Rima ya sauka a barikin Rabah, gara ta ci bayan wani tsohon littafi da ya gada wurin kakansa. Masinjansa, Attahiru, ya naɗe shi a tsumma ya kawo wa Lawwali Wurno don ya gyara.

"Mi ke ciki?" in ji Lawwali.

"Wani limaminsu na dauri yar rubuta shi. Rabi addu'a, rabi duwatsun da kakanninsu sunka bauta ma."

"To ɗauke abinka."

Amma kafin Attahiru ya naɗe, idon Lawwali ya faɗa ƙasan shafi. Kalma ɗaya ce zaune a kusurwa ita kaɗai, ya juya, ga ta kuma a farkon shafi na gaba, yadda malaman Wurno ke yi don kada takardu su rikice. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce wannan aikin malami ne, a bar shi.

Kafin la'asar zance ya kai ga Malam Halliru, limamin unguwa. Ya zo ya tsaya bakin rumfa, bai shiga ba.

"Lawwali, an ce ka samu sabon shehi, Bature mai jan kunne."

"Allah shi gafarta Malam, takarda ce gara ta ci."

"Hannun da ka taɓa wanga da shi, da shi za ka taɓa muna Alƙur'ani? Zaɓi guda."

Lawwali bai mayar da littafin ba. Ya yi masa abin da ya san ana yi wa littafi mai daraja: ya yanke zaren ɗinkin duka, ya raba takardun ɗai-ɗai, don a wurinsa littafin kirki ba a ɗinke shi. Ya sa Attahiru ya nuna masa yadda sunan Allah yake a rubutun boko. Daga nan ya ware takardun kashi biyu, masu sunan Allah gefe guda, masu zanen duwatsu gefe guda, ya ɗinka wa kowane kashi gafakarsa ta jar fatar akuya.

Da aka kai wa Baturen, ya buɗe, takardu suka zube masa a cinya. Attahiru ya ce fuskarsa ta yi ja, ya yi ta magana shi kaɗai, amma ya tafi da gafakun.

Malamai kuwa ba wanda ya yi faɗa da Lawwali. Ana gaisawa a masallaci, a tambayi iyali, sai dai Alƙur'anai suka koma hannun wani baduku a can gefen kasuwa. Da rani ya zagayo, ya kwashi matarsa Turai da 'ya'yansu ya koma Goronyo, inda ya yi sauran rayuwarsa yana ɗinka wa manoman albasa guga da takalma.

Can na same shi, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na ce, "Baba, to takardar da ke da dutse a fuska ɗaya, sunan Allah a bayanta, ina ka sa ta?"

Ya ajiye basilla. "Guda ce, ɗana, kuma ta wahalshe ni. Cikin gafakar addu'a nis sa ta. Na ce gara dutsen shi zamna cikin masu salla da a kai sunan Allah cikin duwatsu."