Maɓallin da Baba bai taɓa ba

Shekarun baya, lokacin ina zaune a unguwar Deptford a Ingila, abokina ya ja ni cikin wata ɗabi'a ta marasa aikin yi: bin bakin kogi da na'urar gano ƙarfe idan ruwa ya janye. Na karɓi takardar izini, na sayi takalmin roba, duk Asabar in dawo caɓe-caɓe da laka, aljihu cike da ƙusoshi da murafan kwalba. Jefi-jefi a dace da tsohon maɓalli.

A shekarar ne na ɗauko mahaifina daga Zariya. Ƙoda ta matsa masa, ciwon suga kuma ya riga ya tafi da idanunsa. Aka kwantar da shi a asibiti a unguwar Camberwell, ba nisa da ni. Tela ne, ya fi shekara hamsin a kan keke. Ni da shi ba mu saba hira ba. "Ya jiki, Baba?" "Da sauƙi." Iyakar hirar ke nan har lokacin ziyara ya ƙare.

Wata rana, don dai in sami abin faɗa, na ɗora masa wani maɓallin tagulla a tafin hannu, na ce kwana uku ina duba intanet ban gano zamaninsa ba. Ya murza shi da babban yatsa, ya juya bayansa, ya laluba ɗan kunnen da ake zura zare.

"Na soja ne," ya ce. "Taɓa kambin nan, a dunƙule yake. Na Sarkin Ingila ne, kafin Sarauniya ta hau. Nata yana da loɓawa a tsakiya. Farkon fara ɗinkina, tsofaffin sojojin da suka dawo daga Bama sun sha kawo mini irinsa in mayar musu a riga."

Ranar ya yi magana fiye da awa guda. Ni da digirina biyu na koma ɗan aji ɗaya. Daga nan duk abin da na tono sai na kai masa. Ya ce wannan zuba shi aka yi, wancan inji ne ya buga shi, bai kai ɗayan tsufa ba. A tsakanin maɓallan na ji yadda ya haɗu da mahaifiyata, na kuma ji dalilin da ya hana ni zaman shago: "Ban so idonka ya ƙare a kan allura ba."

Wata Juma'a likita ya ce jikin ya yi nauyi. Na ce wa Baba gobe ba zan je kogi ba.

"Je ka mana. Ka kawo mini mai wuya, waɗancan duk na yara ne."

Na je. Na bar wayata cikin jaka a saman matakalar sauka kogin saboda laka. Na sami wani ƙaramin maɓallin dalma mai zanen fure, ban taɓa ganin irinsa ba. Na hau ina murna, na tarar da kiran ƙanwata, wadda ke jinyarsa, rututu. Allah ya yi masa rasuwa da azahar.

Na daɗe ina tuhumar kaina. Ƙanwata ce ta sanyaya mini zuciya, ta ce da hantsi ya tambaye ta ƙarfe nawa, da ta faɗa masa ya yi murmushi ya ce, "Yanzu yana can yana tono."

Abin da ke damuna yanzu shi ne shekarun da na yi ina ganin ba mu da abin tattaunawa, alhali ban taɓa tambayarsa abin da ya sani ba. Wata huɗu kawai na samu.

Abokina ya ce in ba shi maɓallin ya kai wa masana a gidan tarihi su duba. Na ce a bar shi. Har yau ban san shekarunsa ba, kuma ba na son wani ya faɗa mini. Allah ya jiƙan Baba.