Takardar Da Gara Ta Cinye

Aurena na fari shekara biyar ya yi, kuma ba duka ko yunwa ce ta kashe shi ba. Mijin makanikin injin ban-ruwa ne, mutum mai fara'a, amma idonsa ba ya ganin abu mai noti ya ƙyale shi. Ya kwance rediyona, ya kwance fitilata, ya kwance agogon bangon da aka kai ni ɗaki da shi. Duk abin da ya mayar sai noti biyu ko uku sun yi saura, ya ce dama kamfani ne ya yi almubazzaranci. Ranar da na dawo daga gidan suna na tarar da keken ɗinkina a baje a kan tabarma, ana saura kwana huɗu sallah, ga yadunan mutane jibge, ranar muka faɗa wa juna maganar da ta kai ga saki. Bai sami takarda ba, sai ya yaga kwalin fulogi ya rubuta a bayansa. Saki ɗaya.

Na koma gidanmu a Tiga. Baba ya karanta kwalin, ya yi salati, ya miƙa wa Inna. Ita kuma ta naɗe shi a tsumma ta tura can ƙasan adakarta ta katako, inda take ajiye duk abin da ba ta son a taɓa. Na gama idda, na kama suyar kifi a hanyar dam. Shekara uku ina wannan. A cikinsu Baba ya rasu.

Sai wani ma'aikacin gidan ruwa, wanda matarsa ta rasu, ya fara sayen kifi a wurina kullum, safe da yamma, har na fara tunanin ko kyanwa yake kiwo. Wata biyar ya ɗauka kafin ya iya faɗar abin da ke kawo shi. Manya suka shiga magana, aka sa rana. Limamin unguwarmu ya ce shi kafin ya ɗaura auren bazawara sai ya ga takardar saki da idonsa, don an taɓa sa shi ɗaura aure a kan aure, kuma har yau bai gama jin kunya ba.

Inna ta buɗe adaka da gadara. Ashe gara ta riga mu. Ta cinye tsumman, ta cinye tsakiyar kwalin, ta bar bisimilla a sama, ta bar hoton fulogi a ɗaya gefen. A layi na biyu abin da ya rage shi ne: "Ni na sa".

Liman ya juya kwalin, ya kai shi kusa da ido, ya nisantar. Ya ce, "Ya sa me?"

Na ce, "Malam, na sake ki ne aka rubuta."

Ya ce, "Ni ma haka nake zato, 'yata. Amma da zato ba a ɗaura aure."

Na nemi lambar makanikin na kira shi. Na ji ƙarar inji a bayansa. Na ce ya taimaka ya sake rubuta mini takarda. Ya tambayi dalili, ni kuma da wautata na faɗa masa gaskiya. Sai ya ce, "Wace takarda kuma? Ai ni a sanina da iyalina." Ya kashe waya.

Kwana biyu ban soya kifi ba. Wata maƙwabciyarmu ce ta ce akwai lauya, mace, 'yar Kiru, da take zuwa Bebeji duk mako tana sauraron matsalolin mata kyauta. Ni a lokacin lauya a wurina mutum ne mai baƙar riga da farin gashi a ka, mai Turancin da ke sa a ɗaure mutum. Na soya manyan karfasa guda huɗu na naɗe, muka hau mota ni da Inna.

Muka tarar da wata 'yar siririya cikin hijabi ruwan toka tana ɓare gyaɗa a kan tebur. Na gaishe ta na ce Barista muke nema. Ta ce, "Ga ta nan, Yaya, ku zauna." Ta tambayi me ke tafe da mu. Kafin in buɗe baki Inna ta karɓe, kuma ta faro ne tun daga shekarar da ruwan dam ya ci tsohon garinsu, da yadda aka ɗauko adakar nan a kan jaki. Barista ta saurara har aka iso wurin gara, sannan ta ce, "Inna, Allah ya ƙara lafiya. Yanzu bari in ji ta bakin mai auren."

Ta yi mini tambayoyi ƙanana. Wa ya karanta takardar? Baba, kuma ya rasu. Mijin ya taɓa aiko cewa ya mayar da ni kafin in gama idda? Ko sau ɗaya. Tun rabuwar mun sake haɗuwa? Nan na sunkuyar da kai. Na ce bara, bayan ƙaramar sallah, ya zo gidanmu da yamma cikin sabuwar shadda, ya aiko a yi sallama da ni, aka shimfiɗa masa tabarma a soro. Ya kawo tsire da turare, ya ce ko zan duba a sake sabon aure. Na ce a'a, na ci tsiren.

Barista ta ajiye biro. Ta ce, "Wa ya gan shi?"

Inna ta ce, "Duk layi. Ai ni na ba da tabarmar. Mai shagon ƙofar gida ma har tsokanarsa ya yi, ya ce ango ya dawo neman zawarci."

Ta yi dariya har ta share ido. Ta bayyana mini cewa ba sai na farauci takarda a hannunsa ba, kotu za mu je mu nemi alƙali ya tabbatar da sakin ya ba ni shaida. Kifin kuwa ta ƙi karɓa. Da Inna ta matsa, ta ɗauki ɗaya ta ce na gaisuwa ne, ba na aiki ba.

Kai masa sammaci shi ya fi komai wuya, don makanikin ban-ruwa ba shi da mazauni a lokacin rani. Masinjan kotu ya je Ɗansoshiya aka ce jiya ya tashi. Ya je Tudun Wada aka ce da safe ya bi motar taki. A zuwa na uku ya same shi a wata gona a Doguwa, kansa a cikin inji. Ya karɓi sammacin da ladabi, ya ce amma yana jin wani ƙara a babur ɗin masinjan. Bawan Allah bai dawo ba sai washegari, da noti biyu a aljihu.

Ranar zaman kotu ta zo. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Ya tambayi makanikin ko ya sake ni. Ga mamakina bai musa ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na rubuta. Amma kwana uku da tafiyarta na mayar da ita."

"Ka faɗa mata?"

"A'a."

"Ka faɗa wa mahaifinta, ko wani mutum?"

"A zuciyata na mayar da ita, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali ya dube shi ta saman tabarau. Ya ce, "Ita zuciyar taka, cikin shekara uku, ba ta sami wanda za ta aika Tiga ba?"

Aka yi 'yar dariya a baya. Barista ta miƙe ta nemi izinin tambaya. Ta ce ko ya tuna inda ya je bara bayan ƙaramar sallah da tsire da turare. Ya ce ziyara ya kai wa iyalinsa. Ta ce to me ya sa ya tsaya a soro bai shiga ciki ba? Ya ce kunya. Ta ce me ya roƙa a wurin? Ya dubi silin. Mai shago ya shigo ya ba da shaida, har da launin shaddar. Barista ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai ban taɓa jin wanda ya je neman auren matarsa ba."

Makanikin ya sosa ƙeya. Ya ce, "Gaskiya na saki. Kawai dai da na ji za ta auri mutumin da ko famfo ba ya iya gyarawa sai ya rubuta rahoto, sai abin ya tsaya mini."

Alƙali ya ce wannan ba hurumin kotu ba ne. Ya tabbatar da saki ɗaya, idda ta cika tuntuni, aka rubuta mini shaida da hatimi. A waje makanikin ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce in yafe masa wahalar da ya ba ni. Na ce na yafe, ban da keke.

Bayan mako uku aka ɗaura aure. Na gayyaci Barista wuni, ta zo da yamma aka zuba mata shinkafa da kifi a ɗakin Inna. Ko loma uku ba ta yi ba wata gwaggona ta matso tana tambaya a kan rabon gonar mijinta. Wata ta zo da maganar riƙon 'ya'ya. Wata ta ce ita tambayar ba tata ba ce, ta wata ƙawarta ce, alhali duk ɗakin an san tata ce. Kafin la'asar sakaliya mata sun yi layi har tsakar gida, masu kiɗan ƙwarya suna ta kiɗa babu mai rawa. Da magariba ta gabato na juye mata abincin a kula, na raka ta bakin titi ta hau motar Kiru.