Bi Kazija da Gonar Tsakiyar Teku

Tun muna 'yan mata muke noman ciyawar teku tare da Bi Kazija a ƙauyenmu na gabashin tsibirin Unguja, inda ake kiran babbar mace "Bi" don girmamawa. Mu kafa turaku a bakin gaɓa, mu ɗaura igiya, mu wuni durƙushe cikin ruwan gishiri har idanunmu su yi ja. Duk cikinmu ta fi kowa tsawo, ta fi kowa saurin hawa. Mijinta ya rasu da wuri, da ciyawar nan ta raini 'ya'yanta.

Sai ruwan gaɓa ya fara ɗumi, ciyawa ta riƙa yin fari tana ruɓewa a kan igiya. A lokacin ne wata mai bincike, Dakta Mashavu, ta zo da ɗalibanta. Ta ce a gwada gona can ciki inda ruwa ke da sanyi: kifi a keji, ciyawa a kewaye tana shan abin da kifin ya fitar, a ƙasa kuma jongo, dabbar nan mai kama da gurji, yana tsotse dattin da ya kwanta. Amma sai an iya iyo, mu kuwa ba wadda ta iya.

Bi Kazija ce ta fara shiga ruwa koyon iyo, duk da tana da jikoki, rungume da jarka. Ƙanenta Vuai, shugaban kwamitin masunta, yana gindin kwakwa yana ƙyalƙyala dariya.

"Yaya, wallahi kifi zai ɗauka jirgi ne ya kife!"

Ta tofar da ruwa ta ce, "Kai da ka iya, me ka taɓa kawowa gida ban da ƙaiƙayi?"

Muka bi ta. Muka koyi awon zafin ruwa da kankare igiya da tuƙa jirgin inji. Ta sha nutsewa, ta sha amai, amma gonar ta yi kyau har baƙi suna zuwa kallo.

Da binciken ya ƙare, aka tara mu a makaranta. Aka ce gona da jirgi sun koma hannun kwamitin masunta, wanda ko mace ɗaya babu a ciki. Vuai ya gyara hula ya ce zurfin teku na maza ne, mata su ci gaba da shanyar ciyawa.

Bi Kazija ta miƙe. "Shanya? Vuai, ranar da igiya ta yanke mini tafin hannu kana ina? Kana gindin kwakwa kana washe haƙora!"

Dakta Mashavu ta ce a hankali, "Mama, ƙa'idar ke nan. Na yi iya ƙoƙarina."

"Da kike neman wanda zai sha ruwan gishiri, kwamiti kika nema? Ƙofata kika ƙwanƙwasa!"

Ta ciro rigar iyon da aka ba ta, ta jefa a kan tebur, ta fice. Muka fice a bayanta.

Ba a yi shekara ba 'yan kwamiti suka kwashe jongo kaf suka sayar, har ƙananan. Ba mai kankare igiya, keji ya yage, kifi ya watse. Vuai ya zo gidanta ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, ki taimaka, abin ya lalace."

"Ina shanya," in ji ta. Ko tabarma ba ta ba shi ba.

Daga baya Dakta Mashavu ta dawo da sabon iri, wannan karon an mayar da gona da jirgi da sunan ƙungiyar da mu mata muka kafa. Bi Kazija ta karɓa, ba ta ce an gode ba. Yanzu ita ke riƙe da jirgi, ita ke koya wa sababbin mata aikin, da faɗa da tsawa kamar kullum.

Bara aka yi bikin 'yar Vuai. Bi Kazija ce ta dafa shinkafar bikin da hannunta, ta ciyar da duk gari. Da aka zo kan uban amarya, ta miƙa wa wata ludayin ta ce, "Zuba masa ke. Hannuna ya gaji."