Zauren da Aka Hana Ni Gada

A gidanmu na Ƙofar Galadima mace ba ta zama a zaure. Wucewa take yi, kai a sunkuye, takalmi a hannu, ta gaida wanda ta tarar ta shige. Haka na tashi na gani, kuma a lokacin ban ga laifin abin ba. Amma wallahi duk cikin 'ya'yan Malam, mahaifinmu, babu wanda ya san zauren nan kamar ni mai wucewa. Maza suna zaune a ciki suna hira, ba mai ɗaga kai. Ni kuwa tun ina ƙarama, duk aiken da aka yi mini sai na saci kallon sama kafin in fita.

Kakan Malam ne ya sa aka gina shi. Ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa ya isa mutum ya kwanta a kai ya yi juyi. Babu ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Bakan gizo ne suka taso daga jikin bango, suka lanƙwaso a hankali suka haɗu a can ƙololuwa, inda aka manna wani farantin tangaran mai shuɗin baki. An yi wa jikin bakan zane tun ƙasar tana ɗanya, har in ka lura kana ganin sawun yatsun maginin. Da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, kana shiga sai ka ji kamar ka leƙa randa. A nan Malam yake ba manya karatu bayan la'asar, a nan ake ɗaurin aure, a nan ake sulhu. Mutanen ƙauyukan bayan dutsen Kufena in sun kawo hatsi birni, a nan suke sauke gajiya, ba mai tambayarsu ko su wane ne. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka mazan gidan sukan tuɓe riguna su kwaɓa ƙasa a yi masa yaɓe, mu kuma muna ciki muna dama musu fura.

A shekarun tamanin ɗin nan ne birni ya kamu da ciwon siminti. Da mutum ya ɗan samu, ko ya dawo daga Makka, abin da zai fara shi ne ya sa diga a soron kakansa. Ya jera bulo, ya kifa kwano, ya shiga ciki ya yi ta zufa, ya sayi fanka, sannan ya kwana yana zagin masu wutar lantarki. Ita kanta ganuwa ba ta tsira ba. Da idona na ga ana haƙar ta ana loda wa jakuna, daga baya ma aka koma tifa, ana kai wa masu ciko. Ɗaliban jami'a da wasu Turawa sukan shigo unguwa da kyamara, su tsaya gaban tsohon gini su saki baki, su auna, su zana. Mu muna yi musu dariya, wai me aka gani a ƙasa. In suka dawo baɗi sai su tarar da shagon ɗinki a wurin. Ina ganin duk wannan ina tsaki, amma ina cewa a raina namu ba mai taɓa shi.

Sai Malam ya rasu. Bayan sadakar arba'in Baffa, ƙanen Malam, ya tara mu rabon gado. Lokacin ina gidan mijina a cikin birni, ina koyarwa a firamare. Babban wanmu, wanda muke kira Yaya, ma'aikacin gwamnati ne a Kaduna, sai ƙarshen mako ake ganinsa. Tun kafin ranar na gan shi a ƙofar gida da wani mutum riƙe da tef ɗin awo, suna zagaya zaure ta wajen titi. Na ce lallai ruwa ba ya tsami banza.

Ranar rabo maza suna zaure, mu mata muna zaune daga ciki, bayan ƙofa, muna ji. Aka lissafa gona, aka lissafa ɗakuna, aka zo kan gaban gida. Ban san lokacin da na ɗaga murya ba.

"Baffa, ina da magana."

"To, muna jin ki," in ji shi.

Na ce, "Rabona na gona da na ɗaki, duk na bar wa 'yan'uwa. A ba ni zauren nan. Ni zan riƙa yi masa yaɓe duk shekara, ƙofarsa a buɗe ga kowa yadda Malam ya bar ta."

Can wani ya kece da dariya, saura suka taya shi. Baffa ya gyara murya ya ce, "'Yar nan, a ina kika taɓa jin mace ta gaji ƙofar gida? Mu riƙa shiga gidan ubanmu ta ƙofar mace? Gobe mijinki ya ce da hannunsa a ciki, jibi 'ya'yanki, 'ya'yan wani gida, su ce nasu ne."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, zauren ya fi rabona ne?"

Ya ce a'a, in don ƙima ce bai fi ba.

"To a wane littafi aka hana?"

Inna, mahaifiyarmu, ta mintsine ni a cinya har sai da na zabura. Baffa malami ne, ba zai yi wa littafi ƙarya ba. Sai ya ce, "Ba haramun ba ne. Amma ba a yi."

Ba a yi! Rusa ginin kaka ana yi, sayar da ƙasar ganuwa ana yi, amma a bar wa mace ta tsare abin da maza ke shirin kashewa, wannan ne ba a yi. Na danne zuciyata na sake shawara. Na ce to a cire shi daga rabo baki ɗaya, a mai da shi waƙafi, kada ya zama na kowa. Nan Yaya ya karɓe zancen, da muryarsa ta ofis mai sanyi.

"Ke kina ɗakin mijinki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da ba na kowa ba wa zai kula da shi? A bar mini, ni ne babba. Gyara kawai zan yi masa."

Kowa ya ce madalla, ɗa ya gaji ubansa. Aka shafa fatiha. Ni aka ba ni ɗaki a can ƙuryar gida kusa da rijiya, da wani yanki na gona da ban taɓa takawa ba.

Ku ji gyaran da Yaya ya yi. Bazara ta zo, ba a yi yaɓe ba. Na aika masa, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na ce ni zan kawo magina, ya ce kada wanda ya taɓa masa gini sai ya zo. Damina ta wuce a kansa. Wata bazarar ta sake zuwa, na same shi da kaina, ya yi kunnen uwar shegu. Indararon da ke zubar da ruwan saman soro ya toshe, ciyawa ta tsiro a kai, ba wanda aka bari ya hau. Ginin ƙasa kuwa ba ya son komai sai kulawa, ko yaro a birnin nan ya san haka, balle shi da aka haifa a ciki. Ruwan Agusta na biyu ya zubar da zanko ɗaya, tsinin adon da ke saman kusurwar gabas, ya tsaga bangon waje. Ranar Asabar sai ga Yaya ya jawo Baffa da hannu yana nuna masa.

"Kun gani ko? In ya rufta a kan mutane wa za a kama?"

Kai, ban taɓa ganin wayo mai ban takaici irin wannan ba. Ka ɗaure akuya ka hana ta ruwa, sannan ka kira mutane su shaida ba ta da lafiya.

Wata safiya bayan kaka ina kan hanyar makaranta na bi ta gida in gaida Inna, sai na tarar da leburori a ƙofa da diga da shebur. An kwashe buzun Malam da tabarmi. Ban yi shawara da kowa ba. Na shiga, na cire takalmi, na zauna daram a kan dakalin da Malam yake zama, na ɗora jakata a cinya. Ranar ce rana ta farko da na zauna a zauren ubana, ina da 'ya'ya uku.

Leburorin suka tsaya cirko-cirko, mutanen ƙauye ne masu kunya, ba mai iya ce mini tashi. Yaya ya shigo yana huci.

"Ke, wace irin hauka ce wannan?"

Na ce, "Gyara na zo kallo, Yaya. Ka fara, ina nan."

"Ki tashi tun muna mu biyu."

"Ai ba mu biyu ba ne. Ga Baffa can, ga duk waɗanda ka yi alkawari a gabansu. A kira su."

Jama'a suka fara taruwa a bakin ƙofa, masu wucewa suna leƙe. Ni ko a jikina. Na jingina da bango na ɗaga kai, na ƙare wa rufin kallo a tsanake, ba sata ba. Babu tsaga ko ɗaya a jikin bakan. Ashe a gefen farantin akwai wasu ƙananan zane-zane masu kama da ganyen dabino, waɗanda mai wucewa ba zai taɓa gani ba. Da Yaya ya kawo hukuma ma a ranar ba zan motsa ba.

Sai na ji muryar Inna daga bayan ƙofar ciki, ƙasa-ƙasa. Ba ta leƙo ba.

"Taso. Kada ki tara mana jama'a. Ɗan'uwanki ne."

Na ce, "Inna, rusawa fa zai yi."

"Na sani. Taso."

To, wa zai ja da uwa? Na ɗauki takalmina na shige ciki, hawaye na zuba, ba na tausayi ba, na baƙin ciki. Kafin in kai tsakar gida na ji diga ta fara.

Ginin da aka ce zai rufta da kansa sai da ya ba su wuya kwana da kwanaki. Diga tana tsalle a jikinsa. Da rana ta take, leburorin a inuwar abin da ya rage suke fakewa su sha iska. Azarar da aka zaro daga cikin bakan lafiyarta lau, ko gara ba ta taɓa ta ba, aka faskara ta aka yi girki da ita. Farantin kuwa na tambaya, aka ce ya fashe tun ranar farko.

A wurin Yaya ya tsayar da shaguna uku na bulo masu ƙofar ƙarfe, ya zuba 'yan haya. Da yake kowane taku na bakin titi yana da daraja a wurinsa, hanyar shiga gida ya matse ta a gefe, wani siririn lungu da mai jiki sai ya karkace. Ya kuma yi mata kwana a tsakiya, wai don sutura, kada na waje ya hango matan gida. Ɗaurin aure ya koma masallaci, karatun la'asar ya watse, mutanen ƙauye suka daina tsayawa. Duk unguwa aka yi ta yi masa barka da arziki. Muna gaisawa da shi, don Inna ta ce a gaisa. Ban ce masa Allah ya isa ba, jinina ne, amma ban taɓa ce masa na yafe ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Inna ta rasu a cikin shekarun casa'in, da hantsi, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ita ce gawa ta farko a gidan tun da aka yi shagunan. Muka yi mata wanka, muka suturta ta. Aka aika masallaci a kawo makara. Muna zaune a tsakar gida muna jira, sai muka ji ana ta ƙwanƙwasa katako a jikin bango, ana "ja baya, ja baya". Makara ta ƙi shan kwana. Aka juya ta, aka kifa ta, ta ƙi. Dole aka bar ta a bakin titi.

Maza suka shigo, Yaya a gaba, suka ɗauki Inna a cikin tabarma. Daga inda nake ina hango bakin lungun. Suka shiga da ita, suka kai kwana, suka tsaya. Suka dawo baya, suka sauya hannu, suka sake gwadawa. Wani ya ce a ɗan lanƙwasa, wani ya ce subhanallahi, ba a lanƙwasa mamaci. Sai na ji muryar Baffa, ya tsufa sosai a lokacin.

"Ku ɗaga ta wajen kai."

Na miƙe zumbur. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu da ta san halina ta fizgo ni, ta toshe mini baki da tafin hannunta, tana cewa, "Yi shiru, 'yar nan, yi shiru, ba yau ba." Ina kallo suka tayar da Inna tsaye. Yaya ne ya rungume ta a ƙirjinsa don kada ta zame, hularsa ta faɗi, aka tattake ta. A haka, a tsaye, a karkace, tabarma tana gogar bulo, aka fitar da Inna daga gidan da aka kawo ta tana amarya.