Motar da ba ta durƙusawa

Jiya da safe mahaifiyata, Hajiya, ta tsaya a gefen a-kori-kurata a ƙofar gidanmu da ke Gyaɗi-Gyaɗi, tana kallon motar sama da ƙasa.

Wajibi ne in yi bayani. Damina ta cinye hanyar gonarmu, har cikin motar yana gugar ƙasa. Bayan dogon nazari irin nawa, na sa wani bakanike a Tarauni ya ƙara mata tsawo da sifirin da shokozoba, wato kayan ƙafar mota, na hannu, kasancewar sun fi sauƙin kuɗi. Na kuma zaɓi mafi tudu. Babu wanda ya tuna mini da ciwon gwiwar Hajiya, alhali ba ta fashin zuwa gonar nan.

Na ce, "Bismillah Hajiya, a shiga."

Ta ce, "Ta ina? Kai Sabi'u, raƙumi ma durƙusawa yake yi kafin a hau shi. Ce mata ta durƙusa."

Sai da aka kifa mata turmi sannan ta hau, kuma ta rantse ba za ta sake taka abin da ake daka mata abinci a ciki ba.

Masana mota, shin akwai ƙafar motar da take tashi a hanya, ta sauko a ƙofar gida, wadda talaka zai iya saya? Ina sauraronku, domin ranar Asabar za mu koma gona.