Kyautar da Ba Ta da Rasiti

Adjamé, biyar da kwata na asuba

Ana idar da sallah muka ɗora firigon Mama a bashe, motar kaya mai buɗaɗɗen baya. Alhaji Sanda, dillalin shanu, abokin marigayi Babanmu, shi ya kawo shi ranar sadakar bakwai, ya sa aka sauke shi a tsakiyar masu gaisuwa don kada wani ya tafi bai gani ba. Shekara biyu ke nan Mama na sayar da ƙanƙara da zoɓo a cikinsa, da shi muke ci. Makon jiya ta ƙi sayar wa Alhaji teburin naman Baba na kasuwa, washegari ya aiko a mayar masa da kayansa.

Mama ba ta yi gardama ba. Ta ce, "Rakiya, ki kai masa. Malamai sun ce mai karɓe kyautarsa kamar kare ne da ya koma wa amansa. Ba ni zan hana shi ci ba."

Plateau, shida da rabi

Tafiyar ba ta kai kilomita goma ba, amma cunkoso ya tsayar da mu minti arba'in kafin gada. Direban, Malam Isufu, dattijo ne mutumin Tawa, jikka shida, wato sefa dubu shida, muka yi da shi. Ya gutsuro burodinsa ya miƙo mini.

"'Yata, gyara za a kai shi?"

"Mayarwa za a yi, Baba." Na ba shi labari.

"Alhajin nan mai rabon shinkafa da azumi, mai hoto na biye da shi? Ashe aro yake bayarwa."

Kusa da tashar Bassam, bakwai da minti goma

Muna sauka daga gada aka busa mana usur. Masu kaki uku. Ɗaya ya buga firigon da tafin hannu ya ce in nuna rasiti. Na ce da Faransanci kado ne, kyauta aka ba mu. Ya ce duk wanda suka kama da kayan da aka sato daga sito a bakin tashar jiragen ruwa, haka yake cewa. Suka juya firigon, sai ga wurin lambarsa an kankare shi fes. Wa ke leƙa bayan kyauta? Mu godiya aka koya mana, ba bincike ba.

Suka karɓi wayata da katina, suka zaunar da ni a benci cikin wani ɗaki a ofishinsu. Babbansu ya ajiye ankwa a kan tebur yana juya ta da yatsa, ya ce idan mai kayan bai zo ba, ni ce mai kayan. Ban taɓa jin haƙorana na haɗuwa cikin zafin rana ba sai ran nan.

Malam Isufu ya bar musu takardun motarsa, ya taka da ƙafa zuwa unguwar Biafra neman Alhaji.

Sha ɗaya da rabi

Bai dawo da Alhaji kaɗai ba, har da limamin unguwarsu. Alhaji ya shigo da babbar riga, turare na gaba yana baya, yana cewa, "Ina kayana?" Da aka nuna masa wurin lambar, sai carbin da yake ja ya tsaya a hannunsa.

"Wallahi ba nawa ba ne. Kyauta na yi wa marayu, fisabilillahi. Tun da ya bar hannuna ba ruwana da shi."

Aka tambaye shi inda ya saya. Ya ce shi ma kyauta aka ba shi.

Suka rubuta maganarsa ya sa hannu, sannan suka ja shi gefe. Na ga hannunsa ya shiga aljihu ya fito a dunƙule. Wannan ma kado na ji sun kira shi. Suka miƙo mini wayata da katina, suka ce mu kwashe tsohon ƙarfenmu.

A waje Liman ya ce, "To Alhaji, mun ji da kunnenmu, ga shi kuma a takarda. Abin da aka ba maraya don Allah ba ya komawa."

Alhaji ya kalle ni ya yi yaƙe. "Wa ya ce a maido? 'Yar nan, wasa nake yi da uwarki."

Biafra, ƙarfe ɗaya

Matar Liman ta shigar da ni ɗaki na yi azahar, ta kawo aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi. Loma biyu na iya haɗiya.

Adjamé, uku da minti ashirin

Muka iso gida da abin da muka fita da shi. Mama ta saurare ni har ƙarshe, ta riƙe hannuna ta daɗe, sannan ta ce a jona shi, zoɓo na jira. Teburin Baba yana nan hannunta. Ni dai ko usur ɗin 'yan ƙwallo na ji sai gabana ya faɗi.

Na gode wa Allah da ya maido ni. Na gode wa Malam Isufu da Liman da matarsa, Allah ya saka musu da alheri. Mama ta ce in kira Alhaji shi ma, don wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Na ce mun yi masa tasa godiyar tun shekara biyu, har da ta kwana, kuma mu ba mu aika ya maido mana da ita ba.