Farin Zoɓo a Kwalbar Giya

Lokacin da nake aiki a kamfanin siminti na Malbaza, akwai wani injiniya ɗan ƙasar Tailan da ya zo gyaran injuna. Mutumin kirki ne, sai dai abincinmu ya gagare shi. Ni nake sayo mishi busasshen jatan lande a kasuwar Konni, shi kuma ya soya da taliya da gyaɗa da barkono mai sa kunne ƙaiƙayi.

Ran nan ya gayyace ni ci. Ya ce wannan taliya sai da farar giyar inabi, mai ɗan tsami da ɗan zaƙi, ita ke kwantar da yaji. Na ce mishi mu ma muna da tamu. Na sa maiɗakina ta haɗa mini farin zoɓo. Ai kuwa ya dace, har shi kansa ya yaba.

To, son a sani! Maimakon in sha abina a moɗa, sai na ɗura shi a wata tsohuwar kwalbar giyarsa da na ɗauraye, na zuba a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, na harɗe a barandar masaukinsa ina juya shi yadda na ga yana yi. Wai ni wayayye.

Sai sallama. Surukina ne, mahaifin maiɗakina, direban babbar mota. Ya zo lodin siminti, aka ce mishi ina nan. Dattijon da ko goro ba ya ci sai ya san hannun da ya fito.

Ya dubi kwalba, ya dubi kofi, ya dube ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce, "Baba, sannu da hanya." Da wane baki zan ce wa suruki ba giya ba ce? Na kuma sani, in ya juya haka, yau 'yarsa ba za ta kwana gidana ba.

Bai tambaye ni komai ba. Ya miƙa hannu ya ɗauki kofin. Na ji ya ce astagfirullah a hankali, tun kafin ya kai bakinsa. Ya rufe ido ya kurɓa.

Mutumin da bai taɓa shan ko ruwa a gabana ba, saboda kunya. Bai san abin da ke ciki ba, ya yarda ya ɗauki zunubin, muddin zai san wa ya ba 'yarsa.

Ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya ajiye kofin, ya share baki da hannun riga, ya ce, "Haɗin uwarta ne. Ita ma ba ta cika sukari."

Ya fita. Har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba. Ni kuwa har gobe, in aka miƙo mini zoɓo a kofin gilashi, sai in ce a juye mini a moɗa.